VOR, NDB ko ILS: da wanne mai koyon tuƙin jirgi zai fara?

Ranar wata Asabar bayan la'asar, ƙanen wani abokina ya zo gidana rungume da laftof, yana so ya nuna mini yadda hannunsa ya faɗa a tuƙin jirgin kwamfuta. Burinsa ya samu gurbi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Ya tashi daga Kano ya doshi Abuja, idonsa kyam a kan layin nan mai ruwan hoda da GPS ke zanawa. Tuƙi kam ya iya, hannunsa ba ya rawa. Da muka yi kamar minti ashirin a sama sai na miƙa hannu na kashe allon GPS ɗin, na ce, "To, ƙanena, ina muke?" Ya bi agogunan da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa taga, ya juyo ya dube ni. "Yaya, wallahi ban sani ba." Ga kuwa allurai uku a gabansa, kowacce na iya gaya masa inda yake, amma bai taɓa kunna ko ɗaya ba.

Da ya huce sai ya yi tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan: tashoshin rediyon da ke nuna wa jirgi hanya iri-iri ne, da wacce zai fara? Wasu sun ce masa NDB, don ita ce mafi sauƙi. Wasu sun ce ya manta da ita, ta tsufa, ya kama ILS kawai tunda da shi ake sauka a manyan filaye. Ni ra'ayina daban ne da duka biyun. A fara da VOR, a bi da NDB, a bar ILS sai ƙarshe. Amma ba na so ka karɓa don na faɗa, gara ka ga halin kowacce ka auna da kanka.

Kafin nan, akwai mai cewa me ya kawo wannan wahala a zamanin tauraron ɗan adam. Saƙon GPS daga nesa ƙwarai yake zuwa, ya iso ƙasa da rauni, don haka toshe shi ba wuya. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na ƙasar Istoniya har wata guda saboda ana dagula GPS a yankin, kuma a lokacin hanyar saukar da ke filin ta dogara da shi ne. Amurka kanta, da ke rage tashoshin VOR daga wajen 900 zuwa wajen 600, ta ƙi rufe su duka. Ta tsara cewa waɗanda suka rage su ishi jirgi ya kai wani filin da bai wuce mil 100 na ruwa ba, ya sauka ba tare da GPS ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai koyi karanta allura yana zaune lafiya a ɗaki ba, ba ranar da allo ya mutu cikin hazo zai koya ba.

NDB: allurar da ke nuna tasha, ta bar maka sauran aikin

NDB ƙaramar tashar rediyo ce da ke watsa saƙo ta kowace fuska daidai wa daida, a kan dogo da matsakaicin zango, tsakanin kilohaz 190 zuwa 1750. Na'urar da ke cikin jirgi sunanta ADF. Ka sa mitar tashar, allura ta juya ta nuna inda tashar take. Shi ke nan. Saboda maƙwabtaka da gidajen rediyon matsakaicin zango, ADF na kama su ma, allurar ta nuna maka inda hasumiyar gidan rediyon take kana jin labarai a kunne.

Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane. Allurar ba ta ce maka ga alƙiblar tasha a kamfas ba, ce maka take tashar tana digiri kaza daga hancin jirginka. Dole ka haɗa da kanka. Hancin jirgi yana 030, allura tana nuna 050, tashar tana 080. Hanci yana 300, allura tana 100, jimla 400, ka cire 360, tashar tana 040. A kan takarda wasan yara ne. A cikin jirgi, hannu ɗaya a sanda, ido a kan tsayi, jirgi na karkata, lissafin sai ya zama wani abu. Akwai agogon da ake kira RMI wanda fuskarsa ke juyawa da kamfas, ya ɗauke maka wannan haɗin, amma ƙananan jiragen koyo da yawa mai tsayayyiyar fuska suke da shi.

Babban darasin NDB kuwa iska ce. Ka ɗauki mai kwale-kwale zai haye kogi, ya sa ido a kan wata bishiya a ƙetare, kullum goshin kwale-kwalen yana kallon bishiyar. Zai isa, amma ruwa zai yi ta jan sa ƙasa, ya yi baka, ya iso bishiyar ta wata fuskar da bai yi niyya ba. Haka yake ga matuƙin da ke riƙe allurar ADF a kan hanci kawai. Zai kai tashar, sai dai ta karkatacciyar hanya, kuma idan akwai dutse a gefen hanyar da taswira ta shata, to a nan baƙin labari yake. Gwani yakan karkata hancinsa cikin iska ya bar allura ta ɗan kauce. Misali kana so ka bi 090 zuwa tasha, iska na busowa daga arewa, wato hagunka. Sai ka riƙe 080, allura ta zauna a 010. Muddin ta tsaya cak a nan, kana kan layi. Idan ta fara zamewa, gyaranka ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Babu abin da ya koya mini jin iska a jiki kamar wannan motsa hannun, kuma shi ya sa ba na yarda da masu cewa a jefar da NDB. Da tsohuwar zuma ake magani.

To me ya hana a fara da ita? Abu biyu.

Na farko, ba ta gaya maka ka yi kuskure. Babu tutar gargaɗi a agogon ADF na gargajiya. Idan tashar ta mutu, allurar na iya zama inda take kamar ba abin da ya faru, shi ya sa ƙa'ida ita ce ka bar sautin haruffan Mos na tashar, wato sunanta da take bugawa da gajeru da dogayen sautuka, yana ta kaɗawa a kunnenka muddin da ita kake sauka. Sabon ɗalibi kuwa yana buƙatar abin da zai nuna masa ɓatansa nan take, ba abin da zai bar shi ya yi minti goma yana tafiya a karkace yana jin daidai yake ba.

Na biyu, simuleta, wato manhajar tuƙin jirgi a kwamfuta, na yi wa NDB kwalliyar da ba ta da ita. Duk wanda ya taso da rediyo a gida ya san yadda matsakaicin zango yake: da dare tashoshin nesa su kutso kai, da damina kuma in an yi walƙiya ka ji ƙarar "ƙurrr" a sifika. Waɗannan duka suna shafar ADF. Wajen faɗuwar rana da fitowarta allurar takan yi yawo. Idan hadari ya haɗo, takan bar tashar ta nuna inda ake walƙiya. Duwatsu na karya saƙon, bakin teku na lanƙwasa shi, ko karkatar jirgi a kwana na sa ta yi ƙarya na ɗan lokaci. A yawancin jiragen kwamfuta kuwa allurar tsaf take, ba ta ko gezau. Mai wasa ba ruwansa, amma wanda zai hau jirgin gaske ya sani cewa abin da zai tarar ya fi wannan taurin kai.

Ranar 3 ga Afrilu 1996 wani jirgin sojan saman Amurka ya bugi dutse yana ƙoƙarin sauka a Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya, mutum 35 suka rasu, har da sakataren kasuwancin Amurka Ron Brown. Hanyar saukar ta NDB ce, tana buƙatar na'urar ADF biyu, jirgin kuwa ɗaya gare shi, ya kauce daga layi cikin mummunan yanayi. Ba na kawo wannan don tsoratarwa ba. Ina so ne a daina kiran NDB abu mai sauƙi.

VOR: layuka 360 da ke fita daga wuri ɗaya

Ka ɗauki VOR kamar cibiyar ƙafar keke, wayoyi 360 na fita daga cikinta, kowace waya digiri ɗaya. Kowace waya ana kiranta radiyal, kuma sunanta daga tasha ake ƙirga shi zuwa waje, bisa arewar kamfas. Radiyal 090 gabas da tasha take, ko kana tafiya gabas, ko yamma, ko kana zagaye a wuri ɗaya. Tashar na aiki tsakanin megahaz 108 zuwa 117.95, dab da saman zangon FM da muke saurare. Tana fitar da saƙo biyu masu bugun 30 a daƙiƙa, ɗaya tsayayye, ɗaya yana sauyawa gwargwadon fuskar da kake. A arewa sun yi daidai, a kudu sun saɓa da rabi. Na'urar jirgi bambancinsu take aunawa ta san radiyal ɗin da kake kai. Amurka ta fara girka su a 1946, daga baya suka zama ma'aunin duniya.

Agogon VOR abu uku ne: maɓallin da ake murɗawa mai rubutun OBS don zaɓen layi, allurar tsaye da ke kaucewa hagu ko dama, da 'yar tutar da ke nuna TO (zuwa tasha) ko FROM (daga tasha). A ƙarƙashin allurar akwai ɗigo biyar kowane gefe, kowane ɗigo digiri 2, wato digiri 10 ke nan idan ta kai bango. Daga nan sai ƙa'idar da kowane matuƙi ya haddace: kaucewar digiri 1 a nisan mil 60 daidai take da mil 1. Saboda haka ɗigo ɗaya a nisan mil 30 daga tasha, mil 1 ka bar hanya. Ka ga bambanci? Nan ba tsammani ake ba. Ɓatanka a rubuce yake a gabanka da adadi, kuma idan saƙo ya yanke, jan tuta na fitowa ta ce kar ka yarda da ni.

Iska ma ba ta ɓuya. Ka daidaita allura a tsakiya, ka riƙe alƙibla ɗaya. In ta fara zamewa hagu, iska ce ke tura ka dama. Ka karkata digiri 20 zuwa hagu har ta dawo, sannan ka rage zuwa 10 ka gani ko za ta tsaya. Kuskuren da kowa ke yi da farko shi ne bin allura da gudu: ta yi hagu a bi ta, ta yi dama a bi ta, jirgi ya riƙa tafiyar maciji. Alƙibla ake tuƙawa, allura kuwa dubawa ake yi lokaci-lokaci.

VOR ma tana da nata tarkon, kuma ni ma ya kama ni. Agogon bai san inda hancin jirginka ya dosa ba sam. A farkon koyona na taɓa dosar tasha alhali tuta na nuna FROM. Allura ta kauce hagu, na bi ta hagu, ta ƙara kaucewa. Na ƙara, ta kai bango. Na fi minti goma sha biyar ina zargin manhajar, sai da na tsayar da jirgin na zana abin a takarda sannan na gane: lambar da na zaɓa a OBS kishiyar hanyar da nake bi ce, don haka hagu ya koma dama. Maganin gajere ne. Lambar da ke saman agogon VOR ta yi kusa da lambar da ke saman kamfas ɗinka. Za ka tasha, TO. Ka baro tasha, FROM. Kuskure ne mai ɗaci, amma a zama ɗaya ake gane shi, kuma ba a maimaitawa.

Sauran halayenta ba su da yawa. Saƙonta a miƙe yake tafiya kamar gani da ido, don haka tsayi ne ke ba da nisa: a ƙafa 10,000 sama da tasha za ka kama ta daga wajen mil 120, a ƙasa-ƙasa kuwa tudu ɗaya ya isa ya raba ku. Daidai saman tashar akwai wani ɗan wuri da allura ke rikicewa, tuta ta kaɗa, sannan TO ta koma FROM. Kar ka bi allura a nan, riƙe alƙiblarka ka wuce. Walƙiya da dare ba su dame ta kamar NDB ba, shi ya sa abin da ka koya a kwamfuta kusan shi ne za ka tarar a sama.

Yawancin tashoshin VOR suna tare da DME, na'urar da ke ba da nisa. Jirgi ya aika tambaya, tasha ta amsa, a auna lokacin. Radiyal da nisa, ka san inda kake a taswira ɗigo guda. Abin lura ɗaya: nisan a karkace take aunawa daga jirgi zuwa tasha, ba a ƙasa ba, don haka idan ka ratsa samanta a ƙafa 6,000 za ta nuna mil 1, ba sifili ba. Idan babu DME, sai ka kama tashoshi biyu, ka zana radiyal ɗin kowacce, inda suka gicciye nan kake. Ranar da ka fara yin wannan da fensir, ka kunna taswirar simuleta ka ga jirgin daidai inda ka ɗiga, daɗin da za ka ji ba kaɗan ba ne.

Wata ɗabi'a kuma da ya kamata ta shiga jini tun ranar farko, ko VOR ko NDB: saurari sunan tasha. Kowacce tana kaɗa haruffanta da Mos. Ta Kano KAN ce: da-di-da, di-da, da-di. Ba sai ka haddace Mos duka ba, taswira na zana ɗigo da jan layi kusa da mitar. Masu simuleta da yawa suna tsallake wannan. A Disambar 1995 jirgin American Airlines da ke gangarawa Kali a Kolombiya, matuƙansa suka buga harafin R suna nufin tashar NDB ta Rozo da ke gabansu, kwamfutar jirgin ta zaɓi wata tashar mai suna Romeo can kusa da Bogota. Jirgin ya juya cikin duwatsu da dare, mutum 159 suka rasu. Tabbatar da cewa tashar da ka zaɓa ita ce wadda kake nufi aikin daƙiƙa kaɗan ne.

ILS: mai daɗin gani, amma ba na mafari ba

Kowa ILS yake so, wato saƙon rediyon da ke fitowa daga filin jirgi yana jagorantar sauka, ba kuma laifinsa ba ne. Ka shiga cikin hazo irin na Disamba da Janairu, wanda ke sa a soke tashin jirage a Kano, ba ka ganin komai sai fari, ka riƙe allurai biyu a gicciye, can sai fitilun titin jirgi su ɓullo a gabanka. Allurar tsaye na riƙe ka a tsakiyar titi, ta kwance na riƙe ka a kan gangaren da yawanci digiri 3 ne, wato saukar ƙafa 300 da 'yan kai a kowane mil. Don sanin saurin gangara, ninka gudunka a ƙasa sau biyar: a gudun not 90, wato mil 90 na ruwa a awa, ƙafa 450 a minti. A rukunin farko na ILS kana iya sauka har ƙafa 200 sama da titi. In ba ka ga fitilu a nan ba, ka ƙara wuta ka tashi, babu jayayya.

Dalilin da na ce a bar shi ƙarshe: allurarsa ta fi ta VOR saurin motsi wajen sau huɗu, digiri biyu da rabi kacal ta kai bango, kuma tana ƙara tsanani kana matsowa. Wanda bai daina bin allura da gudu a VOR ba, a ILS zai sha wuya, ƙarshe ya miƙa wa na'urar tuƙi da kai, ya zauna kallo. Sannan ILS ba ya kai ka ko'ina. Mil goma zuwa ashirin na ƙarshe kawai yake yi maka. Wa zai kawo ka bakin ƙofarsa in GPS ba ya nan? VOR, ko NDB. Yawancin taswirorin sauka na gargajiya daga ɗayansu suke farawa, kuma in ka fasa sauka, gare su ake mayar da kai ka yi zagayen jira.

Ɗalibi da mai sha'awa ba hanyarsu ɗaya ba

Ga wanda zai yi lasisi, jerin nan uku ban ga abin sauyawa a ciki ba, sai dai ya ƙara haƙuri a kan NDB, ya kuma koyi RMI da HSI, agogon da ya haɗa kamfas da allurar VOR wuri ɗaya. A ƙasashe da yawa ana rufe tashoshin NDB, amma tambayoyinsu ba su bar jarrabawar ka'ida ba. Ya kuma sani cewa awoyin da ya yi a laftof ɗin gida ba a ƙirga su a littafin tashinsa. Amfaninsu shi ne ya shiga jirgin makaranta kansa a waye, kar ya ƙona awa mai tsada yana tunanin ina ne TO ina ne FROM. Idan malaminsa ya koya masa wata hanya daban da wadda ya saba a gida, ta malam zai bi.

Mai sha'awa kuwa yana da 'yanci. Idan manyan jirage ne burinsa, zai iya tsallakawa daga VOR zuwa ILS, ya dawo wa NDB daga baya. Idan kuma tsofaffin jirage irin DC-3 ke burge shi, NDB ce gidansa. Abin da ban yarda da shi ba ga kowa shi ne koyo a babban jirgi. A Boeing ko Airbus kwamfuta ce ke zaɓen tashoshi da kanta, komai na faruwa da sauri, ba ka ganin dalilin komai. Ɗauki ƙaramin jirgi irin Cessna 152 ko 172 mai agogunan allura, ba mai allon gilashi ba. A gudun not 100 kana da lokacin yin kuskure, ka gane, ka gyara.

Wace manhaja?

Nan ba zan daɗe ba, don ga wannan darasi kyan hoto ba shi da amfani. Cikin gajimare za ka yi yawancin aikin.

Microsoft Flight Simulator, na 2020 da na 2024, ya fi kowanne kyan gani, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai gudu, musamman na 2024 da ke janyo yawancin kayansa ta intanet yayin da kake tashi. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan abin dubawa ne. Yana kuma sabunta bayanan tashoshi, don haka NDB da aka rufe a duniyar gaske takan ɓace a cikinsa. X-Plane na kamfanin Laminar Research, wanda kashi na 12 ya fito a 2022, in ka gama girkawa ba ya cin data sosai, Cessna 172 ɗinsa mai allurai tana da kyau don wannan aiki, kuma akwai na gwaji kyauta na 'yan mintuna da zai nuna maka ko kwamfutarka za ta ɗauka. FlightGear kyauta ne gaba ɗaya, 'yan sa-kai ke gina shi tun shekarun 1990, yana tafiya a Windows da Linux da Mac, kuma Cessna 172 da yake zuwa da ita tana da VOR biyu da ADF da DME. Hotonsa bai kai na sauran ba, amma ga ɗalibin da ke da matsakaiciyar laftof shi nake fara nunawa. Kuɗin da za ka kashe, gara ka sa shi a sandar tuƙi ko mai arha ce, domin riƙe alƙibla da madannan kwamfuta azaba ce da za ta hana ka kula da allura.

Mitar da ke taswirar intanet wani lokaci takan saɓa da wadda ke cikin simuleta. Masu Microsoft da X-Plane su nemi Little Navmap, kyauta ce, tana karanto tashoshin daga cikin manhajar kanta. FlightGear yana da taswirarsa a ciki. Hukumar jiragen saman Amurka kuma na sakin littattafanta na koyon tuƙi da na'ura kyauta, da zane-zane masu kyau, ga mai jin Turanci.

Tafiyar da na ba ƙanen nawa

Na ce ya koma Kano ya sake tashi zuwa Abuja, GPS a kashe. Tsakaninsu mil 200 na ruwa ne ba kaɗan, alƙibla wajen 202. Wani sauƙi da muke da shi a nan: bambancin arewar kamfas da arewar taswira ƙanƙane ne ƙwarai a Najeriya, ba kamar Siyatil ta Amurka ba inda ya kai wajen digiri 15, don haka mafari ba zai rikice da wannan ba tukuna.

Tun yana ƙasa ya sa mitar KAN a rediyo na ɗaya, ta Abuja mai haruffa ABC a na biyu, ya saurari Mos ɗin Kano, ya murɗa OBS zuwa 202. Bayan tashi ya kama layin, tuta na nuna FROM, ya hau ƙafa 10,000. Rediyo na biyu shiru, jan tuta a tsaye, domin Abuja ta yi nisa. Na sa masa iska not 15 daga gabas ban gaya masa ba. Allura ta fara zamewa hagu, ya gyara, ta dawo, ya rage, ta tsaya da hanci wajen 194. Wajen tsakiyar hanya jan tutar rediyo na biyu ta faɗi, allurarsa ta motsa. Ya saurara, ya tabbatar ABC ce, ya murɗa har allura ta zo tsakiya da TO.

Na tambaye shi, "A kan wace radiyal ta Abuja kake?"

Ya ce 202. Na yi shiru. Ya dubi agogon, ya ɗauki biro ya zana da'ira a bayan wata takarda, ya ɗiga tasha a tsakiya, ya ɗiga jirginsa a arewa maso gabas da ita.

"A'a, Yaya. 022 ce. Ina arewa da ita."

Na ce ya maimaita tafiyar sau uku cikin makon, kowane karo da iska daban, na ƙarshe kuma cikin hazon da ba ya ganin ƙasa. In ya gama ya dawo ranar Asabar, mu rufe agogunan VOR biyun da takarda, mu kunna ADF.